Miyar Iya Tabawa a Akushin Gidanmu

Na daina tambayar wa ya yi girki a gidan nan, domin tambayar ba ta da amfani. Ko matar ɗana ce ta ɗora tukunya, ko jikata Walida, ko maƙwabciyar da ke aiko mana da ɗan kwano ranar Juma'a, miyar ɗaya ce. Ɗanɗanon dunƙulen nan ne na cikin takarda, wanda ake ɓarewa a marmasa a tukunya a ce an yi miya. Su zuba tumatirin gwangwani, su antaya mai har ya yi iyo a sama, su kunna gas, kafin mutum ya gama alwala an ce an sauke. Sannan kowa ya ɗauki farantinsa ya shige ɗaki, hannu ɗaya a abinci, ɗaya a waya. Rannan na ce wa Walida ta miƙo mini maburgi in kaɗa kuka, sai ta tsaya tana kallona, wai mene ne maburgi. Yarinyar da ake maganar aurenta! Na ce ta tashi ta ba ni wuri kafin in faɗi abin da uwarta za ta riƙe ni da shi.

Tun da mutanen daji suka tashe mu daga ƙauyenmu na bayan Darini muka dawo cikin Batsari, ake ta ce mini in gode Allah na samu ɗakin siminti da famfo a tsakar gida. Na gode masa, ba sai an tuna mini ba. Amma garin nan ba ya motsi irin na garin da ake girki. Injin niƙa ne ke ta ihu tun safe, sai babura. Mu can da hantsi ya ɗaga, taɓarya ce ke magana daga kowane gida, kuma kowace da muryarta. Akwai mai saukar da ita da nauyi kamar tana jin haushin turmin, akwai mai lugude tana tafi a tsakani. Kana kwance a ɗaki za ka san wa ke surfe, wa ke dakan fura, wa ta makara. Da la'asar dutsen niƙa ya karɓa, ka ji ana gurza tsaki ana ɗan waƙa ƙasa ƙasa. Sai hayaƙi ya tashi daga bayan kowace danga, warin daddawa ya biyo shi.

Miya kuwa ba ranar da za a sha ta ake fara ta ba. Kukar da za ka kaɗa da bazara, tun ƙarshen damina aka tsinko ta, aka shanya a inuwa don kada rana ta cinye mata kore, aka daka aka tankaɗe aka rufe a tulu. Daddawa aikin kwanaki ce. A dafa kalwa har ta yi laushi, a surfa ta da toka, a kai rafi a wanke har hannu ya yi fari, a sake dafawa, a rufe da ganye a ɗaki a bar ta ta yi abin da Allah ya hore mata. Ko ruwan toka sai mace ta ƙona karan gero da kanta ta tace. Wace ce za ta sha wannan wahala miyarta ta fito irin ta wata? Shi ya sa kowace mace a unguwarmu take da hannunta. Wata yajinta ke gaba, wata kanwa ke mata yawa, wata miyarta tsululu ko da me ta haɗa. A rufe wa magidanci ido a sa masa loma a baki, zai faɗi matar da ta kaɗa, har ya faɗi ko ranta a ɓace yake ranar.

Hannun da ya fi kowane fita shi ne na Iya Tabawa, matar Baba Nomau, dattijon unguwarmu. Danga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu. Daga Zakka aka auro ta tun kafin a haife ni, ta zo da wata dabara da ba wadda ta iya kwaikwaya: sai ta gasa daddawarta a bakin garwashi kafin ta daka, ta ɗan gutsura daddawar batso ta haɗa, ta marmasa wake kaɗan a ruwan miya. In ta buɗe tukunya har awaki sai sun ɗaga kai. Mace ce gajera mai faɗa, ba ta iya lallashi ba. Ita ta koya mini tuƙa tuwo ba gudaji, da zagi ta koya mini, kuma har gobe ina yi mata addu'a.

Abin da yaran yanzu ba su sani ba shi ne, tuwon dare na maza ba a cikin gida ake cin sa ba. Ciyayya ake yi. Da an sallame magariba, magidantan unguwa za su hallara a gindin bedin ƙofar gidan Baba Nomau, kowa ɗauke da akushin gidansa rufe da faifai. A jera su a tsakiya. Baba Nomau ya nuna ɗaya a buɗe, kowa ya sa hannu, in ya ƙare a jawo na gaba. Baƙo in ya faɗo, ba a tambayar sa daga ina sai ya ƙoshi. Wannan akushi shi ne mutuncin namiji. Wanda ya fito da nasa, an san yana riƙe da gidansa, in ana shawara a saurare shi. Wanda ya fito hannu Rabbana ba mai korar sa, za a ma matsa masa wuri, amma daga ranar ya sauka daga layin magidanta, shi ma ya san ya sauka. Kuma akwai doka ɗaya da ba wanda ya taɓa zama ya koyar: a gindin bedi ba a kiran sunan mace a kan miya. Ba yabo, ba kushe. Kowa ya san hannun da ya kaɗa, kowa ya haɗiye saninsa tare da lomarsa.

Dokar nan ba don kunya kaɗai aka yi ta ba. Ta rufa asirin gidaje da yawa, har da namu.

Ina da goyo na biyu shekarar da abin ya same mu. Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke gero na fure, gonar maigidana kuwa jigawa ce, ita ta fara ƙonewa. Sunansa ba zan faɗa ba, ban taɓa faɗa ba yana raye, Malam nake ce masa. Ɗan abin da ya samu ya raba da yayarsa da mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Muka ja, muka ja, har sabuwar damina ta yi tsaka. Ranar da na shiga rumbu na share ƙasansa da tsintsiya na fito da abin da bai cika ƙwarya ba, na zauna a bayan ɗaki na yi kuka na share hawayena. Ba yunwar ce ta fi tsorata ni ba, tafasa da rama sun fito, ba za mu mutu ba. Magariba nake tsoro. Malam mutum ne mai shiru, ba shi da dukiya ba shi da sarauta, abin da ya mallaka a duniya shi ne ya fita da akushinsa ya zauna cikin maza kansa a ɗage.

Ban gaya wa kowa ba. Turmina ne ya tona ni, don ya yi shiru. Ina tsugune ina tsinkar tafasa sai na ji muryar Iya Tabawa ta bayan danga.

"Ke 'yar nan, kwana biyu ban ji taɓaryarki ba. Turmin ne ba shi da lahiya?"

"Lahiya lau, Iya. Sauran gari gare ni."

"Sauran gari. To miƙo mani akushin mijinki."

"Iya, ai..."

"Ban tambaye ki labari ba. Turo shi ta nan ƙasa inda akuya ta huda. Kuma ki tashi ki hura wuta, ko ruwa ne ki ɗora, hayaƙi shi tashi. Ki zuba ƙaiƙayi a turmi ki daka. Gida ba ya zama shiru da la'asar, mutane na da kunne."

Haka muka yi. Kullum in tura akushi wayam ta ƙasan danga, in hura wuta a ƙarƙashin tukunyar ruwa, in daka ƙaiƙayi har kafaɗata ta yi tsami. Kafin kiran salla akushin ya dawo da nauyinsa, da ɗan kwano a gefe nawa ni da yara. Ranar farko da na ajiye shi gaban Malam, ya ɗaga faifai, ƙamshin gasasshiyar daddawa ya buge shi. Ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya mayar da faifan, ya yi bisimilla, ya ɗauka ya fita. Bai ce komai ba, ranar ko wata rana. Sai dai tun daga lokacin, kafin ya wuce gonarsa da sassafe, sai ya ratsa gonar Baba Nomau ya nome masa 'yan kunyoyi. Shi ma Baba Nomau bai taɓa tambayar wa ke yi masa noma ba. Maza kuwa a gindin bedi suna shan miyar Iya Tabawa sau biyu a zama ɗaya, daga akushi biyu, suna hirar ruwan sama da farashin awaki.

Ku kwatanta wannan da abin da aka yi mini bara. Wasu yara masu riguna iri ɗaya suka zo rabon abinci ga waɗanda aka taso daga ƙauyuka. Aka jera mu a rana, tsofaffi da masu goyo. Da aka zo kaina, wani da bai kai jikana ba ya ɗora mini ɗan buhu a hannu ya ce, "Mama, ɗaga shi sama, ki kalli nan, ki yi murmushi." Wai hoto. In yi murmushi duniya ta ga ranar da na kasa ciyar da kaina. Na dire masa buhunsa a ƙafa na taho, matar ɗana na bina tana cewa na ba su kunya. Ni na ba su kunya! Mutanen da ba su san ana ba da abu ta ƙasan danga ba su ne za su koya mini kunya.

Amma kada in ɗora wa yaran yanzu laifin duka. Mugun baki ba yau aka haife shi ba, mu ma muna da namu, sunansa Mati.

Mati ɗan ƙanen Baba Nomau ne. Uwarsa ta rasu yana ƙarami, Iya Tabawa ce ta yaye shi, da miyarta ya yi ƙashi. Dogo ne mai faɗin baki, irin mutanen da in ba a yi dariya a zama ba sai su ji kamar an cuce su. Kuma yana riƙe da Malam a ciki, don awakinsa sun taɓa shiga waken Malam, aka kai magana gaban mai unguwa aka ba Mati rashin gaskiya. Abin da bai kai a kwana da shi ba, Mati ya adana shi yana jiran rana.

Lokacin gero ya riga ya fitar da kai, saura ƙiris a fara gasa tumu. Da ya yi haƙuri kaɗan, da an wuce wurin ba wanda ya ji ciwo. Ina zaune a bayan zanar zaure ina ba yaro nono, don daga nan ana jin duk abin da ake faɗa a gindin bedi. Na ji Baba Nomau ya ce a buɗe na Malam. Na ji an ɗaga faifai. Sai muryar Mati ta tashi, da ƙarfi, yadda har gidan ƙarshe za a ji.

"A'a! Malam, yaushe Iya Tabawa ta tare gidanka ba a gayyace mu ba? Wagga miya ko cikin barci aka ɗura mani na san hannunta. Akushi naka, hatsi na Baba. To ku sa hannu jama'a, Allah shi saka ma mai rumbu!"

Wani ya fara dariya ya haɗiye ta. Sai wurin ya yi tsit, har ina jin nonon da yaron ke zuƙa. Baba Nomau ya ce, "Mati, tashi ka ba mu wuri." Amma magana ta riga ta fita, kuma kowa a wurin ya san ba ƙarya ba ce. Abin da duk suka sani suka danne tsawon damina, yanzu yana zaune a tsakiyarsu.

Sai na ji Malam, a hankali kamar yadda ya saba. "Ƙyale shi, Baba. Gaskiya ya hwaɗi."

Na ji ya zuba ruwa ya wanke hannu. Ya shigo ya wuce ni a zaure bai gan ni ba, ko ya yi kamar bai gan ni ba. Akushin can ya baro shi.

Washegari Iya Tabawa ta shigo da shi da kanta, ta ƙofa, ba ta danga ba, cike da tuwo. Idanunta sun kumbura. Malam ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ya tambayi kwananta da gajiyarta da Baba, ya yi mata godiya irin wadda ban taɓa jin ya yi wa wani ba. Sannan ya ce, "Iya, ya isa haka nan." Ta yi faɗa, ta ce yaron da ta yaye da hannunta ba zai hana ta ciyar da wanda ta ga dama ba, ta rantse Mati ya gama cin abincinta a duniya, kuma ta cika rantsuwar. Malam yana durƙushe yana cewa, "Na gode, Iya. Ya isa." Yara ya bari suka ci. Shi tafasa ya yi ta ci da ruwa har gero ya nuna.

Kakar shekarar ta yi kyau, rumbunmu ya cika har muka yi ɗan ƙarami a gefe. Ni kuwa ina ta shiri a raina. Na yi sabuwar daddawa, na samo man shanu wurin matan Fulani, na sa aka yanka zakarana. Na surfa gero ya yi fari, na tuƙa tuwon da ban taɓa tuƙa irinsa ba, na kaɗa miya da hannuna, irin tawa, mai citta da masoro. Na goge akushi da mai har yana ƙyalli. Da aka sallame magariba na ajiye a gabansa.

"Malam, ga shi, ka hita da shi. Wagga tawa ce, duk wanda ya ɗanɗana ya sani."

Ya dubi faifan. Ya ce, "In na hita da shi, cewa za a yi na zo nuna masu na samu. Aje nan."

A ɗaki ya ci. Kuma a ɗaki ya ci gaba da ci har ƙarshen ransa. Baba Nomau ya tako da sandarsa ya roƙe shi, liman ya yi masa magana, abokansa suka yi zarya. Yana fita salla, yana zuwa gayya, yana bin gawa, amma bai ƙara sa hannu a kwano ɗaya da wani namiji ba. Ko wurin suna aka kawo abinci sai ya ce a ƙoshe yake. Na ga mutumin nan ya yi furfura yana cin tuwo shi kaɗai, fuskarsa na kallon bango. In dariya ta tashi daga gindin bedi sai ya tsaya da tauna har ta lafa, sannan ya ci gaba. Ni nake kai masa ruwan wanke hannu, ni na gani, kuma duk ranar da na gani sai na tsine wa Mati a zuciyata.

Ba gidanmu kaɗai ya ɓata ba. Daga ranar ba macen da ta ƙara yarda ta tura akushi ta ƙasan danga, ba kuma namijin da ya ƙara yarda ya ɗauki akushin da bai ga hatsinsa ba. Wanda rumbunsa ya ƙare sai ya ce ciwon kai ke damun sa, ya rufe ƙofa. Zaman ya yi ta raguwa, bayan rasuwar Baba Nomau ya watse. Yau in an tashi bayani sai a ce zamani ne ya kashe ciyayya, ko tsadar hatsi, ko rashin tsaro. A wasu unguwannin wataƙila haka ne. A tamu na san wanda ya kashe ta, ina zaune na ji lokacin da ya yi.

Shi kuwa Mati ko ƙwarzane bai yi ba. Ya shiga fataucin shanu ya yi kuɗi, ya je Makka ya dawo da haƙorin zinariya, ya zama Alhaji Mati mai sahun gaba. Ranar da Malam ya rasu yana cikin masu karɓar gaisuwa, har da share ido. Mata suka yi ta ce mini in manta, abin ya daɗe, wasa ne ya yi. Wasa! Ban amsa gaisuwarsa ba ranar, ban amsa ba bayanta.

Makon jiya ina bayan gida, inda na kafa duwatsuna uku don na gaji da miyar gas, ina kaɗa 'yar kukata, sai ga matar ɗana ta shigo da baƙuwa. Lanti ce, 'yar Mati. Ashe su ma an taso su, suna can wata unguwa a cikin garin nan. Ta durƙusa, ta gaishe ni da kwana da gajiya da zaman baƙunci, ta tambayi ƙafata, na tambayi yaranta. Yarinyar ba ta da laifi, na amsa mata yadda ya kamata. Sai ta kama wasa da bakin mayafi.

"Gwaggo, Baba ne ya aiko ni. Yana kwance, ko ruwa ba ya wucewa sai da ƙyar. Yana ta kiran mutanen da ya saɓa mawa. Ya ce akwai maganar da ya taɓa yi wurin ciyayya, ke kin san ta. Ya ce don Allah don Annabi ki yahe mashi."

Matar ɗana tana tsaye a kaina tana ƙifta mini ido, bakinta na motsi, wai in ce na yafe a wuce wurin. Na san abin da malamai ke faɗa a kan yafiya, na fi ta sani, na riga ta jin wa'azi. Na duba cikin raina da gaske ko zan samu abin da zan ba yarinyar nan ta koma da shi. Bangon ɗakin Malam kawai na gani.

Na ce, "Lanti, koma ki ce mashi ni ba ni da abin yahewa. Ni ko wurin ban zauna ba, miyar ma ba ni na kaɗa ta ba. Wanda ya yi ma abin yana maƙabartar ƙauye inda muka baro shi. Tunda ya kusa tahiya, in ya isa shi roƙe shi da bakinshi."

Matar ɗana ta ɗora hannu a ka tana salati. Lanti ta tashi tana kuka. Ban raka ta ba, miyata na kan wuta.